Kowa ya ce kunyar ɗan fari ce

Shekararta 22 lokacin da ta haifi ɗanta na fari. Ba za a faɗi sunanta ko unguwarsu ba, don da wannan sharaɗin ta yarda a ba da labarin. Ta yi goyon ciki a gidan iyayenta kamar yadda aka saba, ta kwana ta wuni tana naƙuda, ta haihu a asibiti, jini ya zuba fiye da ƙima, aka sallame ta da ɗa namiji lafiyayye.

A rana ta uku ta fara kuka ba gaira ba dalili. A kawo mata kunun kanwa, hawaye. 'Yan barka na hira, tana share ido da bakin zane. Innarta ta ce a ƙyale ta, ruwan nono ne ke sauka, kowace mai ɗanyen jego da haka take farawa. A nan Inna ta yi gaskiya. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe ciki wata tara sukan faɗi warwas cikin 'yan kwanaki, ga zafin ɗinki, ga rashin barci. Fiye da rabin masu jego sukan shiga wannan hali daga rana ta uku zuwa ta biyar: yanzu dariya, anjima kuka, abu kaɗan ya ɓata rai. Ba ya buƙatar magani, kuma kafin a cika sati biyu ya wuce da kansa. Sati biyun nan shi ne ma'auni na farko.

Nata bai wuce ba.

Ranar suna an yi mata lalle, ta sha ado, ta zauna tsakiyar gado kamar an dasa ta. Duk wadda ta miƙo mata jaririn sai ta kawar da kai. Mata suka yi ta yabo: "Kai, yarinyar nan akwai alkunya, ko kallonsa ba ta yi." Al'adar kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban manya, ita ce mayafin da ciwon damuwa na bayan haihuwa ya lulluɓa da shi har wata biyu da rabi. Bambancin kuwa a fili yake ga wanda ya san inda zai duba. Mai kunya, idan ɗaki ya watse, takan janyo ɗanta ta shinshina shi, ta ƙirga 'yan yatsunsa, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ita idan ɗaki ya watse sai ta juya fuska ga bango.

A sati na uku barci ya ƙaurace mata. Wannan alama ce da ya kamata duk mai zaman jego ta sani, domin ita ce ke raba gajiya da ciwo. Macen da gajiya kawai ke damu, ana ɗauke mata jariri za ta yi barci kamar an yanka ta. Wannan kuwa Inna ta ɗauke yaron zuwa ɗakinta, gida ya yi tsit, amma idonta biyu. In ma ya ɗan sace ta, ƙarfe uku na dare ta farka da faɗuwar gaba, ba komawa har kiran asalatu. Naman ƙauri da aka dafa dominta ya koma mata kamar tana tauna audiga. Ta daina kallon madubi, ta daina ɗaukar wayar ƙawayenta. A ranta magana ɗaya ke zagaye: ban iya ba, ban cancanta ba, da wata ce ta haife shi da ya fi jin daɗi.

Akwai kuma abin da ta ɓoye wa kowa. Duk lokacin da aka sauke tukunyar ruwan wankan jego, sai ta ga a idon zuciyarta yaron ya suɓuce ya faɗa ciki. Hoton ya zo ba ta kira shi ba, jikinta ya ɗau rawa, ta ƙi kusantar wurin da yaro a hannu. Ta ɗauka ta zama muguwa, ko kuma shaiɗan ya shige ta. Irin wannan tunani yana zuwa wa iyaye da yawa, kuma yana tsananta ga mai ciwon damuwa. Alamar cewa ba niyya ba ce ita ce tsoron da yake ba ta da yadda take gudunsa. Amma ba wanda ya gaya mata haka, don ba wanda ta iya buɗe wa baki.

Da aka yi arba'in aka mayar da ita ɗakinta da kaya niƙi-niƙi. Jiya mutum huɗu ke mata hidima, yau ita kaɗai da jariri, da girki, da wanki, maigida kuma ya fita tun safe sai bayan isha'i. A nan ciwon ya samu fili. Ya dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba, ta zauna inda ya bar ta. Ya ɗauka raini ne. Hajiyarsa ta ce son jiki ne irin na yaran zamani, su da suka haifi goma suna daka suna surfe. Gwaggonta ta ce iska ce, an bar mai jego ta fita da magariba. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su taɓa hana magani aiki ba, kuma ba likitan kirki da zai ce a bari. Abin da ke cutarwa shi ne turnuƙe ɗaki da hayaƙi jariri na ciki, da dukan mara lafiya da sunan korar aljani, da kuma watannin da ke tafiya ana jiran a gani.

Maigidan, da ya ga ba ta barci, ya biya wani kemis aka ba shi maganin ƙarin jini da ƙwayar diazepam. Ta sha, ta yi barcin da ba ya wartsakarwa, ta tashi kai ya yi nauyi. Ƙwayar tana bi ta nono, sai yaron ma ya koma yawan barci, ba ya tsotso da ƙarfi. Diazepam ba ya maganin ciwon damuwa, yana danne mutum ne kawai, kuma jiki na saurin sabawa da shi. Haka kodin da tiramol, waɗanda wasu matan ke fara sha a ɓoye a daidai wannan gaɓar don su samu sauƙin zuciya.

Abin da ya tona asirin ciwon katin rigakafi ne. A allurar sati goma, ma'aikaciyar jinya ta ɗora yaron a sikeli ta ga layin nauyinsa ya kwanta maimakon ya hau. Ta dubi uwar da kyau, ta ce da ƙanwar miji da ta rako ta ta ɗan jira a waje. Sannan ta yi tambaya biyu, waɗanda kowa zai iya yi wa 'yar'uwarsa a gida.

"Maman yaro, a wata gudan nan da ya wuce, kina yawan jin ranki a jagule, kamar ba sauran wani abin sa rai?"

Ta yi shiru.

"Abubuwan da a da suke miki daɗi, har yanzu suna yi?"

"Sista, ni ba abin da nake ji. Ko shi ba na jin komai a kansa." Sai kuka ya ƙwace mata.

Idan aka amsa ɗaya daga cikin biyun da e, sai a wuce ga takardar tambayoyi ta Edinbura, wadda wasu masana a Sikotlan suka fitar a 1987, kuma ake amfani da ita a ƙasashe da dama har da Najeriya. Tambayoyi goma ne kan kwana bakwai da suka wuce: ko tana iya dariya, ko tana ɗokin wani abu, ko tana ɗora wa kanta laifi ba dalili, fargaba, firgita, jin abubuwa sun fi ƙarfinta, rashin barci saboda baƙin ciki, ɓacin rai, kuka. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. Daga 13 zuwa sama akwai ƙwaƙƙwaran zaton ciwon damuwa. Daga 10 zuwa 12 a sake gwadawa bayan sati biyu. Tambaya ta goma tana cikin lissafin, amma ita kaɗai ce ake kuma duba ta daban wajen yanke hukunci: ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Duk amsar da ba "a'a, ko sau ɗaya" ba, a ranar za a ga likita, ko da jimlar makin kaɗan ce. Mutane na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za su cusa wa mace abin da ba ta yi tunani ba. Tambaya ba ta cusa shi, sauƙi ma take kawowa. Ita ta samu 19, kuma a ta goma ta ce wani lokaci takan ji da ma ta kwanta kada ta tashi.

Takardar ba ita ce ke tabbatar da ciwo ba, ƙofa take buɗewa. Likitan da aka tura ta wurinsa bai fara da maganar zuciya ba, da jiki ya fara, kuma haka ya dace. Ya auna hawan jini, ya sa a auna yawan jininta, ya tambayi yadda nono ya zo, ya duba wuyanta ya sa a yi gwajin tayirod, ƙullin nan na maƙogwaro da kan rikice wa wasu mata a watannin bayan haihuwa ya jawo kasala ko bugun zuciya. Ya danna ƙafarta ya ga ko akwai kumburi, ya tambaye ta ko tana haki in ta kwanta rigingine. Wannan tambayar tana da nauyi a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana ciwon gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, daga baya kuma bincike a Kano ya ƙara da wasu dalilai. Mai jegon da ke kasala tare da haki da kumburin ƙafa, zuciyarta za a fara dubawa kafin a yi zancen damuwa. Ita zuciyarta lafiya lau. Jininta ne ya yi ƙasa, aka rubuta mata ƙwayar ƙarin jini ta wata uku. Ƙarancin jini yana ƙara wa ciwon nauyi, amma cike shi kaɗai ba ya warkar da shi.

Ya kuma yi tambayoyin da za su raba nata da wani ciwon da ya fi gaggawa. Tana jin muryoyin da wasu ba sa ji? Ta taɓa yarda cewa an musanya mata yaro, ko shi ba mutum ba ne? Ta taɓa yin kwanaki ba barci amma ƙarfi na ƙaruwa, surutu ba tsayawa? Wannan shi ne taɓin hankali na bayan haihuwa, yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a sati biyun farko, kuma yana zuwa farat ɗaya. Mai shi ba ta gudun mugun tunanin, gaskata shi take yi. Ba a kwana da ita a gida, ba a barinta ita kaɗai da jariri, asibiti ake nufa a ranar, kuma ana warkewa. Tambayar ƙarin ƙarfi da surutu tana da wani amfanin: macen da ta taɓa irin wannan hawa da sauka, maganin damuwa shi kaɗai zai iya tunzura ta, don haka nata tsarin daban ne.

Nata ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, mai matsakaicin ƙarfi da ya fara tsananta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa wannan ciwon, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Wato a layin rigakafin da mata hamsin ke zaune, da wuya a rasa bakwai ko goma.

Aka haɗa mata hanya biyu, magana da ƙwaya. Mutane sun fi raina ta farko, suna cewa hira ce kawai, to ga abin da ake yi a cikinta. Zama ne na minti 45 zuwa awa ɗaya, sati-sati da farko, daga baya a riƙa tsallakawa. Tsarin da aka fi sani don irin yankunanmu an gwada shi ne a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda su ma mai jego ke zaman kwana arba'in, kuma ma'aikatan lafiya mata na ƙauye ne suka gudanar da shi, ba manyan likitoci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi a matsayin jagora a 2015. A jihar Oyo ma, aikin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya nuna ma'aikatan ƙananan asibitoci za su iya kula da wannan ciwo in an horar da su. Matakinsa uku ne: a kamo tunanin da ke cutarwa, a auna shi da abin da ke zahiri a musanya shi, sannan a aikata wani ƙaramin abu a gida kafin zama na gaba.

A zama na biyu ta ce, "Ni ba uwa ba ce, ba abin da na iya yi masa." Mai ba da shawarar ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ba ta ce ta gode wa Allah wasu nema suke ba su samu ba, maganar da ta ji sau ɗari kuma kullum ƙara mata jin laifi take yi. Cewa ta yi, "Jiya sau nawa ya sha nono?" Ta ce ya kai takwas. "Wa ya ba shi?" "Ni." "Wa ya kawo shi allura da rana tsaka?" Aka rubuta sabuwar jimla a takarda: ina rashin lafiya, duk da haka ina ciyar da ɗana. Aikin gida na satin kuwa ƙanana ne har mutum ya yi dariya: wanka da shafa mai kafin ƙarfe goma, cin abinci sau uku ko ba ta jin yunwa, zama a tsakar gida minti goma sha biyar da hantsi, da minti biyar tana shafa wa yaron man zaitun tana kallon idonsa, ko ba ta ji komai ba. Dalilin shi ne mai wannan ciwo tana jiran sha'awa ta zo kafin ta motsa, alhali sha'awar sai bayan motsin take dawowa. A zama na huɗu ne ta faɗi maganar tukunyar ruwan zafi. Da aka gaya mata sunan abin, da yawan matan da ke ganin irinsa, ta ce ji ta yi kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji.

Zama na uku da maigidan aka yi, kuma shi ne ya fi kowanne tasiri a gidan. An ba shi aiki a fili, ba nasiha ba. Na farko barci: tana buƙatar awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare. Ta shayar da ƙarfe tara ta kwanta, ƙanwarsa ta dawo gidan ta riƙe yaron a wani ɗaki, in ya nemi nono a kawo shi ya sha a ɗauke, canjin ƙunzugu da jijjiga ba nata ba ne. Na biyu, ya kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan don kada ta cutar da kanta, maganinta kuma ya zauna a hannunsa yana ba ta kullum. Wannan ya fi muhimmanci a makonnin farko, lokacin da ƙarfin jiki ke riga farin ciki dawowa. Na uku, ya je ya yi wa Hajiya bayani da kansa. Ya ce mata, "Hajiya, likita ya ce ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani." Ba ta gamsu gaba ɗaya ba, amma ta fara aiko da tuwon dare.

Ƙwayar da aka ba ta sertraline ce, miligiram 50 sau ɗaya a rana bayan karin kumallo. An fi zaɓar ta ga mai shayarwa domin abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, ba a yaye yaro saboda ita, sai dai a lura ko yana yawan barci ko ƙin tsotso. A ƙananan asibitoci an fi samun amitriptyline da fluoxetine. Ta farko tana sa barci da bushewar baki kuma tana da haɗari sosai in an sha da yawa, ta biyu kuma ta fi daɗewa a jikin jariri, shi ya sa zaɓin na likita ne, ba na mai kemis ba. Diazepam ɗin an janye shi a hankali. An kuma gargaɗe ta kada ta haɗa maganin da tiramol, haɗin na iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa.

Satin farko tashin zuciya da ciwon kai da ɗan gudawa. Sati na biyu ba wani canji, har maigidan ya ce kuɗi kawai ake zubarwa. A nan mutane da yawa ke yar da magani, alhali yana ɗaukar sati biyu zuwa huɗu kafin a fara gani, wani lokaci shida. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci, walwala ce ta zo ƙarshe. A sati na shida makinta ya sauko 11, nauyin yaron ya kama hawa. Wata rana yana wata biyar ya yi mata gwaranci, ta ji dariya ta fito mata ba ta shirya ba.

Sai ta yi kuskuren da aka fi yi. Wata uku da fara magani ta ji ta warke sarai, azumi kuma ya kama, ta ce ba ta ga lokacin shan ƙwaya ba, ta ajiye rana ɗaya. Bayan kwana uku jiri, da wani abu kamar jan lantarki a kai, da mafarkai barkatai. Wannan ba jaraba ba ce irin ta kayan maye, jiki ne aka yanke wa abu ba shiri. Wanda ya fi shi muni ya zo bayan kamar sati biyar: farkawar ƙarfe uku ta dawo, da tsohuwar maganar nan ta ban iya ba. Aka koma, aka sake farawa. Da ta tambaya, da an gaya mata ƙwayar sau ɗaya ce a rana, ana iya mayar da ita sahur ko bayan shan ruwa. Ƙa'idar ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a rage sannu a hankali cikin sati huɗu ko fiye, da sanin likita. A karo na biyu haka ta yi.

Mai neman inda za ta fara, ba sai ta nufi asibitin ƙwaƙwalwa kai tsaye ba. Wurin awo da wurin rigakafi sun isa ƙofa: dubawar sati shida bayan haihuwa, da alluran sati 6 da 10 da 14, duk dama ce ta cewa "Sista, ni ma ba ni da lafiya." In abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin da aikinsu ke nan a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Yawancin masu wannan ciwo ba a kwantar da su, ganin likita suke su koma gida. Tun farkon 2023 kuma Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a nemi yardarsa kuma a rufa masa asiri.

Sun yi tazarar haihuwa da shawarar asibiti, sai da yaron ya shekara biyu da rabi ta sake samun ciki. Wadda ta taɓa yin ciwon ta fi sauran mata haɗarin ya dawo, don haka a awon farko ta faɗa da bakinta, aka rubuta a katinta. Aka riƙa yi mata tambayoyin nan goma tun tana da ciki, domin sau da yawa ciwon kafin haihuwa yake farawa. Aka gyara jininta kafin watan haihuwa. Aka yi magana da Inna cewa wannan karon ba ranar arba'in za a watse ba, za ta bi ta ɗakinta ta ƙara wata biyu, kuma dare na Inna ne daga ƙarfe tara zuwa biyu. Ta haifi mace. A rana ta huɗu ta yi kuka, maigidan ya tsorata ya kira asibiti, aka ce ya ƙirga kwanaki ya kuma lura da barcinta. A rana ta goma sha huɗu aka yi mata tambayoyin, ta samu 6.